Gawo da Rumbu da Gayya: Tarihin Garkuwar Manomi Daga Fari

Ƙasar da ta miƙe daga Kano da Katsina, ta yi arewa ta ratsa Maraɗi da Damagaram har ta je ta taɓa bakin hamada, ƙasa ce wadda Allah Maɗaukakin Sarki ya rataya abincin mutanenta na shekara guda ga ruwan wata uku ko huɗu, ruwan da a wajen Kano yakan kai milimita 800 ko ya ɗara, a Maraɗi ya tsaya kusa da 500, a Damagaram kuwa da ƙyar yake wuce 400. Saboda haka ba a taɓa yin wani zamani ba, tun daga kaka da kakanni, da manomin wannan yanki ya kwana da tabbacin damina. Ya san fari, ya san fara, ya san shekarar da ruwa kan sauka da wuri har a yi shuka sa'an nan ya ɗauke ya bar tsiro yana ƙonewa. Mas'alar da ta cancanci nazari ita ce dalilin da ya sa wani fari yakan zo ya wuce an sha wuya kurum, wani kuwa ya rikiɗe ya zama yunwa mai watsa gari. Amsarta kuma tana cikin labarin garkuwa uku da magabata suka riƙe, watau itacen da ke tsaye a gona, da hatsin da ke kwance a rumbu, da haƙƙin da jama'a suke da shi a kan junansu.

A cikin itatuwan gona babu wanda ya kai gawo daraja, domin Mahalicci ya yi masa ɗabi'a wadda ta saɓa wa ta sauran itatuwa: idan damina ta kankama, kowane itace ya yi lif da ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya fayau, har rana ta sami hanyar isa ga geron da ke ƙarƙashinsa, idan kuma kaka ta wuce, duniya ta bushe, sai ya yi shar, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Ganyen da ya zubar yakan ruɓe a gindinsa da ruwan farko, dabbobin da suka yini a inuwarsa sukan bar kashinsu a nan, saiwoyinsa kuma suna tara wa ƙasa sinadarin nan na naitirojin wanda manomin yau yake saye da tsada a buhun takin zamani. Shi ya sa tun kafin a san ɗakin bincike manoma suka lura cewa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili tsawo da nauyi. Bayan gawo akwai kuka mai miya, da ɗorawa mai kalwa, da tsamiya, da kanya, da aduwa, da magarya, da goriba, kowanne da lokacin da yake biyan bukatar gida, har ya zamana gonar Bahaushe ta asali gona ce mai hawa biyu, hatsi a ƙasa, itace a sama.

A ƙarƙashin waɗannan itatuwa kuma manomi bai yarda ya ɗora rayuwarsa a kan iri ɗaya ba, sai ya haɗa gero mai saurin nuna da maiwa ko dawa masu jinkiri, ya ratsa wake a tsakani, domin in ruwan farko ya yi kyau na ƙarshe ya gaza a sami gero, in kuwa na ƙarshe ne ya yi albarka a sami dawa, waken kuma ya ba da ƙwaya da harawa. Wani ma yakan yi binne tun ƙasa tana busasshiya, don kada ɗigo ɗaya na ruwan farko ya tafi a banza. Da rani sai a yi yarjejeniya da Fulani su sauka da shanunsu a gona, su ci kara su bar taki, a sallame su da damin hatsi. A kewayen birnin Kano kuwa jakuna ne suke shiga da itacen wuta su fito da mangalar taki, abin da ya sa ake noma gonakin wannan karkara shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba, ba su kuma mutu ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa ƙasar Kano a 1851, ya kuwa yaba da yalwar gonakinta da yawan itatuwanta.

Sarakuna da malamai ba su bar al'amarin itace da ƙasa ga son zuciyar kowa ba. Mutanen Damagaram suna ruwaito har yau cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan sarauta ta fiye da shekara talatin, ya hana saran gawo a ƙasarsa, ya kuma sanya wa mai saransa horo mai tsanani wanda ya kai ga yanke gaɓa ko rasa rai. Ko da a ce ruwaya ta ƙara gishiri, ta dai nuna matsayin da itacen yake da shi a zukatan masu ruwaitowa. A Daular Usmaniyya kuwa Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan hukuncin mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi, bisa ƙa'idar fiƙihun Malikiyya wadda ta ba wanda ya raya mataccen fili haƙƙi a kansa, ta kuma keɓe wa kowane gari hurumi na kiwo da itace wanda ba mai ikon ya mallake shi shi kaɗai. Abin lura a nan shi ne, shari'a ta ɗaure amfani da wahala wuri guda: wanda ya raya, shi ne zai ci.

Garkuwa ta biyu ita ce rumbu, shi kuwa rumbu bai tsayu ba sai da gandu. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa, har masu aure a cikinsu, sukan yi aikin babbar gona tare tun daga sassabe har girbi, kowa kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa da yamma ko a ranar da aka ba shi. Amfanin gandu yana hannun maigida, shi ne mai ciyarwa, shi ne mai biyan haraji, shi ne mai aurarwa. Ba a sussuke gero kafin a ajiye, sai a ɗaure shi dami-dami a jera a rumbu da zangarniyarsa, dabarar da ta dace da shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar game da tanadin shekarun yalwa domin shekarun tsanani. Gidan da ya amsa sunansa yana da rumbun tsimi wanda ba a buɗe shi sai damina ta tsaya, lokacin da aiki ya fi yawa abinci ya fi ƙaranci, a gidajen manyan manoma ma akan tarar da hatsin da ya shekara biyu ko uku. Da rani kuwa samari sukan tafi cin rani, su rage wa rumbu baki, su komo da ɗan abin hannu kafin ruwa ya sauka.

Garkuwa ta uku ita ce jama'a. Wanda ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar noman firi, ko wanda ciyawa ta fi ƙarfin hannuwan gidansa, sai ya kira gayya, a taru da fartanyoyi da makaɗa a gama masa cikin yini guda, ba shi da abin biya sai fura da tuwo da kuma alkawarin cewa ranar da aka kira ta wani zai amsa. Addini ya ɗora a kan wannan al'ada wajibin zakka, watau ushurin abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi na wusuƙi biyar, da rabin ushuri ga abin da aka shayar da wahala. Sarkin Noma kuma, wanda ya sami sarautarsa da yawan dammuna, ana sa ran ya buɗe rumbunsa ranar da gari ya shiga uku. Bai kamata dai a ƙawata wancan zamani fiye da kima ba, gama yawancin manyan gandayen sarakuna bayi ne suke noma su, yaƙi da hari sukan cinye abin da fari ya bari, mai bashin falle yakan karɓi dami biyu a kan ɗaya, yunwa kuma takan ci ƙarfin garkuwar duka, kamar yadda ta yi a Kano a 1855, shekarar da ake kira Banga-banga. Amma dai tsari ne wanda aka gina shi bisa yaƙinin cewa mugunyar shekara tana tafe.

Da Nasara suka ci ƙasa, Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano da Sakkwato a 1903, farkon abin da ya taɓu shi ne rumbu, domin harajin da a dā akan biya da hatsi ko wuri, wanda kuma yakan ragu idan amfani ya ragu, ya koma tsabar kuɗi ƙayyadaddu waɗanda ake nema da kaka, daidai lokacin da hatsi ya fi araha, har ya zama tilas manomi ya sayar da dami da yawa don ya sami kuɗi kaɗan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, mutane suka ba ta wani kaso na gonakin da dā gero ne a cikinsu. Ba a jima ba sai daminar 1913 ta gaza, aka shiga yunwar nan ta Kakalaba, wadda ta halaka dubban mutane a 1914, ta koro na arewa zuwa kudu suna faɗuwa a kan hanya, alhali gwamnatin Ingilishi ta Gwamna Lugga ba ta yi wani agajin a-zo-a-gani ba. A 1927 aka sake yin wata, 'Yar Buhu. Faransawa, bayan yunwar 1931, sun tilasta wa talakawa zuba hatsi a rumbunan ajiya na hukuma, amma da yake mabuɗin yana hannun wanda ba shi ya noma ba, mutane suka ɗauki abin a matsayin wani harajin na biyu. Masanin nan Michael Watts, a littafinsa Silent Violence na 1983, ya kafa hujja da waɗannan shekaru a kan cewa mulkin mallaka ya raunana tsohon tanadi bai kuwa kafa wani a madadinsa ba.

Abin da ya sami itace ya fi wannan ɓoyuwa, ya kuma fi shi daɗewa yana ɓarna. A ranar 4 ga Yuli, 1935, Faransa ta kafa dokar daji ga ƙasashenta na Afirka ta Yamma, wadda ta sanya dazuzzuka a hannun hukuma, ta kuma jera itatuwan da ba a taɓa su sai da izini. Nijar bayan ta sami mulkin kai ta sabunta wannan tsari a dokarta ta 1974, gawo kuwa yana cikin jerin. A zahiri niyya kyakkyawa ce, amma sakamakonta ya zo a juye, domin manomin da itace ya girma a gonarsa ya wayi gari ba shi da ikon ya sare reshe ya yi rumfa sai ya nemi takarda, in kuwa wani ɓarawo ya sara da dare, shi mai gonar malamin daji zai ci tara. Ya zama kamar wanda aka ba kiwon akuya aka ce masa ciyarwa tasa, nono da 'ya'ya na wani, in ta ɓace kuma ya biya. Mai hankali a irin wannan hali ba zai bar tsiro ya zama itace ba, sai ya kashe shi tun yana ƙarami, kafin idon hukuma ya gan shi.

Sauran dalilai suka taru suka taimaka. Shekarun 1950 shekaru ne na ruwa mai yawa, mutane suka yi ta faɗaɗa gonaki suna kutsawa arewa cikin makiyaya, har gwamnatin Nijar ta shata iyakar noma ta arewa da doka a 1961, dokar da ba ta tsai da kowa ba. Jama'a suka yawaita, sauran da akan bari ya huta ya ƙare, malaman gona kuma suna koyar da cewa gonar zamani ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta domin garmar shanu ta wuce, har aka wayi gari ana auna ƙwazon manomi da tsabtar gonarsa, wanda ya bar sabara da kalgo kuwa a kira shi rago. Gandu ma ya soma rushewa, saboda kuɗi sun koya wa kowane saurayi son cin gashin kansa. A kan wannan hali farin 1968 zuwa 1973 ya sauka: shanu suka mutu garke-garke, rijiyoyi suka ƙafe, mata suka koma tsince ƙarangiya da jiƙa anza kwana da kwanaki don a cire mata ɗaci, iska kuma, da ba ta tarar da abin da zai tare ta ba, ta riƙa binne tsiro da rairayi har sai an yi shuka sau uku ko huɗu. Ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS a Wagadugu a watan Satumba na 1973. A ranar 15 ga Afrilu, 1974, soja ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, suna kafa hujja da yadda aka yi da kayan agaji. A 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da fari ya rage na dalar gyaɗa a Kano.

Maganin da hukumomi da masu ba da agaji suka fara kawowa shi ne dashe. Aka kafa wuraren renon itatuwa, aka kawo dogon yaro da turare, Nijar ta mai da ranar samun mulkin kanta, 3 ga Agusta, ta zama ranar dashen itace tun daga 1975, aka kashe dukiya mai yawa. A wasu wurare an ci nasara, kamar kwarin Majiya a ƙasar Tawa, inda ƙungiyar CARE ta soma dasa layukan dogon yaro masu tare iska a 1975. Amma a mafi yawan wurare dashen bai kai bazara ba, gama ɗan itacen da aka rena a leda, saiwarsa ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ba ya iya jure wata takwas babu ruwa ga awaki ga gara, balle kuma gandun ƙauye wanda kowa ya san ba nasa ba ne. Sai farin 1984 ya zo, ya haɗu da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a watan Afrilu na wannan shekara, hatsin kudu ya daina hawa, 'yan cin rani suka rasa hanya, har mutanen Nijar suka sanya wa yunwar suna El-Buhari. A watan Mayu na shekarar aka yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada, inda aka amince cewa aikin ba zai yiwu ba sai talakawa sun ɗauke shi nasu.

A cikin masu aikin dashen akwai wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, wanda a 1983, yana kan hanya da mota cike da dashe, ya tsaya don ya rage iskar taya saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin 'yan kurmin nan da ake sassabewa kowace bazara. Da ya duba ganyen sai ya gane ashe toho ne na itacen da aka sare tun da daɗewa, kututturensa yana da rai, saiwarsa kuma tana can zurfi inda laima take. Dabarar da ta biyo baya, wadda manoman Maraɗi suke kira sassaben zamani, ba ta bukatar kome sai wuƙa ko gatari mai kaifi: a zaɓi kututture, a bar masa toho mafi ƙarfi daga ɗaya zuwa biyar, a sare sauran, a rage rassan ƙasa, a kuma kare shi daga dabba da wuta, sai abin da dashe zai yi a shekara goma shi ya yi a uku ko huɗu. Manoman da suka fara gwadawa an yi musu dariya, an kuma sace musu itacen da dare. Da yunwa ta tsananta aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari, aka raya itatuwa wajen dubu ɗari biyar. Da rabon ya ƙare sai aka sare kimanin kashi biyu cikin uku. Sulusin da ya rage shi ne ya zama hujja, domin masu shi sun ga geronsu bai ragu ba, ga itacen girki, ga abincin dabba, ga abin sayarwa.

Haƙiƙa abin da ya sa aikin ya bazu ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ma'aikatan daji na Maraɗi sun sassauta cin tara ga wanda ya rena itace a gonarsa. Faɗuwar kuɗin yuraniyom da rikicin siyasar da ya biyo bayan rasuwar Kunce a 1987 sun rage yawan zirga-zirgar malaman daji a ƙauyuka. Sa'an nan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka matso da haƙƙin manomi kusa, har a ranar 30 ga Yuli, 2020, gwamnati ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa mai renon itace a gonarsa ikon amfana da shi. A ƙasar Damagaram ma, a Magarya da Matamai da Mirya, inda jama'a suka fi cunkoso, manoma da kansu suka koma ga gawon kakanninsu ba tare da wani shiri na waje ya koya musu ba, har ya rufe fili wajen hekta miliyan ɗaya. Abin mamaki, duniya ba ta farga ba sai bayan shekara ashirin, lokacin da Mahamane Larwanou na Nijar da Chris Reij na Holan da Gray Tappan na Amurka suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, suka ƙiyasta cewa an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, abin da suka ce yana ƙara hatsi wajen tan 500,000 a shekara.

Itace kuwa bai tsaya ba sai da jama'a suka tsaya masa, a nan ne garkuwa ta uku ta komo da sabuwar kama. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro wanda ya haɗa maza da mata da wakilan makiyaya, suka yi wa kansu ƙa'ida a kan lokacin sara da yadda za a yi shi da tarar wanda ya keta, suka kuma kafa kasuwar itace tasu. Mata, waɗanda dā sukan yini neman kara da kashin shanu don hura wuta, suka sami itace a bakin gona da ganyen kuka na sayarwa. Da fara da fari suka ɓata daminar 2004, tsadar hatsi ta jefa Maraɗi cikin masifar 2005, har likitocin ƙungiyar MSF suka yi jinyar dubun-dubatar yara masu tamowa, gidajen da suke da itace sun sami abin sayarwa su auno tiya, ba su kai ga rabuwa da gona ko dabba ba kamar waɗanda ba su da shi. A ƙasar Tawa kuma, inda faƙo ya fi jigawa yawa, manoman Illela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a 1989, suka ga ramukan da irin su Yakuba Sawadogo suke haƙawa da rani suna zuba taki don su kama ruwa, suka komo suka inganta nasu ramukan na gargajiya da ake kira tassa, har faƙon da dā ba mai so ko kyauta ya zama abin saye da sayarwa. A 2018 aka ba Sawadogo da Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood a shekara guda.

Rumbu shi ne garkuwar da har yanzu ba ta komo daidai ba. An kafa bankunan hatsi a dubban ƙauyuka, a saya da kaka a sayar da rahusa da damina, amma da yawa sun durƙushe saboda bashin da ba a biya ba da riƙon da ba amana, waɗanda suka ɗore kuwa galibi su ne waɗanda masu zuba hatsin suke riƙe da mabuɗi da lissafi, sau da yawa ma mata. Ga shi kuma zamani ya sake: mutanen Nijar da ba su fi miliyan uku da 'yan kai ba a 1960 yau sun haura miliyan 25, gonar gado tana ta tsagewa, zafi yana ƙaruwa, ruwan da ya ɗan komo tun shekarun 1990 yana zuwa ne a hargitse, ya yi jinkiri, ya yanke a tsakiya, sa'an nan ya zubo na wata guda a dare ɗaya, kamar yadda aka gani a 2024, shekarar da ambaliya ta ci Maraɗi, tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe, madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye sassa da yawa na Maiduguri. Ƙari a kan haka, 'yan bindiga sun hana noma a wurare da yawa na Katsina da Zamfara da kudancin Maraɗi, itace kuwa ba ya renuwa a gonar da mai ita ba ya iya zuwa.

Hukuncin da wannan tarihi ya yanke a fili yake. Saukar da ruwa da ɗauke shi ikon Allah ne, amma tanadi wajibin bayi ne, kuma duk lokacin da aka raba manomi da mallakar abin da ya wahala a kansa, itace ne ko rumbu, tanadin ya lalace, duk lokacin da aka mayar masa kuwa ya gyaru da kuɗi kaɗan. Saboda haka ya wajaba ga hukumomin Najeriya da Nijar, waɗanda suke kashe dukiya a kan shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, su tabbatar wa talaka a rubuce cewa itacen gonarsa nasa ne, su tsare masa hanyar gona, su kiyaye burtali da hurumi domin makiyayi ma ya sami rabonsa. Ya wajaba ga sarakuna da limamai su raya gayya, su tsaya a kan fitar da zakkar hatsi da isar da ita ga masu ita. Kai kuma manomi, idan bazara ta zo ka ɗauki gatari za ka sassabe, ka duba kututturen da ke gabanka tukuna, ka bar masa toho biyu ko uku.